Hannun Jari da Takardun Lamuni a Ƙasashe Masu Tasowa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Alaƙarsu ta Dogon Zango

Mene ne bambancin kasuwannin nan biyu tun farko?

Wanda ya sayi hannun jari ya zama ɗaya daga cikin masu kamfani. Idan an ci riba a raba da shi, idan an tafka asara a tafka da shi, kuma babu wanda ya yi masa alkawarin ko sisi. Wanda ya sayi takardar lamuni kuwa bashi ya bayar, ga gwamnati ko ga kamfani, aka rubuta masa nawa za a riƙa biyansa duk shekara da ranar da za a mayar masa da uwar kuɗinsa. Dukansu biyu ana iya sayar da su ga wani kafin lokaci, shi ya sa kowace take da kasuwarta da farashinta na yau da gobe.

A yawancin ƙasashe masu tasowa, idan aka ce kasuwar takardun lamuni to kusan bashin gwamnati ake nufi. Kamfanonin da ke fitar da takardunsu ba su da yawa, galibi banki suke zuwa idan suna neman rance. A riƙe wannan, domin shi ne tushen kusan duk abin da zai biyo baya.

Me ya sa farashin takardar lamuni ke faɗuwa idan kuɗin ruwa ya tashi?

A ɗauka ka sayi takarda kan 1,000, tana biyan 100 duk shekara, wato kashi 10 cikin 100, kuma saura shekara 10 wa'adinta ya cika. Sai gwamnati ta fara fitar da sababbin takardu masu biyan kashi 20. Wa zai karɓi taka kan 1,000 alhali ga wadda ke biyan ninki? Dole ka karya farashi har ya kai inda mai saye zai samu kashi 20 ɗin shi ma, kuma lissafi ya nuna wajen 581 ke nan. Da a ce shekara 1 kacal ta rage, da farashin bai wuce saukowa zuwa wajen 917 ba. Wato gwargwadon nisan wa'adi, gwargwadon zafin faɗuwa.

Saboda haka duk inda ka ji an ce ribar takardun gwamnati ta tashi, ka fahimci cewa farashinsu ne ya faɗi. Sabon mai saye yana murna, wanda ke riƙe da tsohuwar takarda yana cizon yatsa.

To ina ruwan hannun jari da wannan?

Ruwansa babba. Ribar takardar gwamnati ita ce ma'aunin da ake gwada kowane jari da shi a cikin ƙasa. Idan gwamnati na biyan kashi 20 ba tare da ka yi komai ba, kamfanin da kake sa ran zai ba ka kashi 12 ya zama ba abin waiwaye ba, sai dai in farashin hannun jarinsa ya sauko ƙwarai. Ga kuma kamfanin kansa: bashin da yake ci don sayen injuna da kayan aiki ya ƙara tsada, masu sayen kayansa su ma sun takura, riba ta ragu. Sannan manyan masu kuɗi a kasuwannin biyu mutane ɗaya ne. Asusun fansho, kamfanin inshora da banki, kowannensu kullum yana auna nawa zai zuba nan, nawa zai zuba can. Kuɗin da ya shiga wannan ƙofa, daga waccan ya fito.

Amma ba cewa ake yi idan ɗaya ta faɗi ɗayar take tashi ba?

Haka ake koyarwa, kuma daga Amurka darasin ya samo asali. Daga ƙarshen shekarun 1990 har zuwa wajen 2021, duk lokacin da hannayen jari suka rikito a can, mutane kan ruga su sayi takardun baitulmalin Amurka, farashinsu ya tashi, ya rage wa mai jari raɗaɗi. A kan haka shawarar nan ta kashi 60 a hannun jari, kashi 40 a takardun lamuni ta yi farin jini.

Sai dai ko a Amurkan ba dokar Allah ba ce. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da hauhawar farashi ce babbar damuwa, kasuwannin biyu tare suke hawa tare suke sauka. Da hauhawar farashi ta dawo a 2022 kuma, ma'aunin S&P 500, mai auna farashin hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka, ya faɗi da kusan kashi 19, babban ma'aunin takardun lamunin ƙasar ya faɗi da kusan kashi 13, a shekara guda.

Abin da ke raba gardama shi ne irin tsoron da ya mamaye kasuwa. Idan tsoron karayar tattalin arziki ne, ana sa ran babban banki zai rage kuɗin ruwa, sai takardu su tashi, hannun jari ya faɗi. Idan tsoron hauhawar farashi ne, kuɗin ruwa tashi zai yi, sai guguwar ta kwashe su duka.

Me ya sa lamarin ya sha bamban a ƙasa mai tasowa?

Domin akwai tsoro na uku da mai riƙe da takardar Amurka ko ta Jamus bai cika kwana da shi ba: tsoron ita gwamnatin da kuɗinta. Shin za ta biya? Idan ta biya, me kuɗin zai iya saya a ranar? A ƙasar da ake wannan tambaya, takardar gwamnati ba mafaka ba ce, ita ma jari ce mai haɗari. Wanda ya tsere daga hannun jari ya faɗa mata a lokacin rikici, sau da yawa gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

A duba abin da ya faru a Afirka ta Kudu. Daren 9 ga Disamba 2015, Shugaba Jacob Zuma ya sauke ministan kuɗi Nhlanhla Nene ya naɗa Des van Rooyen, ɗan majalisar da kasuwa ba ta san shi ba. Babu masana'antar da ta rufe a daren, babu ma'adinin da ya ƙare a ƙasa. Amma cikin kwana biyu darajar rand, kuɗin ƙasar, ta zube, ribar takardun gwamnati masu dogon wa'adi ta haura kashi 10, hannayen jarin manyan bankuna suka rikito. Ranar 13 ga wata Zuma ya janye, ya dawo da Pravin Gordhan kan kujerar da ya taɓa riƙewa, kasuwanni suka ɗan farfaɗo, su ma tare. Labari ɗaya ne ya kayar da kuɗi da bashi da hannun jari, labari ɗaya ya tashe su.

Akwai wani abin lura a cikin wannan misali. Kamfanonin da ke kasuwar Johannesburg amma kuɗin shigarsu daga waje yake zuwa, irin masu haƙar ma'adinai da masu kasuwanci a Turai da Asiya, ba su sha irin dukan da bankuna da kantunan cikin gida suka sha ba, domin faɗuwar rand tana ƙara yawan ribarsu idan aka juya ta zuwa kuɗin gida. Don haka kafin a yanke hukunci kan alaƙar kasuwannin biyu a wata ƙasa, sai an fara buɗe ma'aunin hannun jarinta an ga su wa ke ciki. Ma'aunin da bankuna suka cika shi kusan inuwar bashin gwamnati ne. Wanda masu fitar da kaya waje suka cika kuwa yana iya bin tasa hanyar.

Me masu bincike ke nufi idan suka ce alaƙar dogon zango?

Ba tafiya tare ta kullum suke nufi ba. Ana iya auna ko kasuwanni biyu sun tashi tare yau, sun sauka tare gobe, wannan alaƙar gajeren zango ce, kuma tana sauyawa wata zuwa wata. Ta dogon zango wata aba ce daban. Kwatanta awaki biyu da aka ɗaure da igiya ɗaya mai tsawo aka sake su a fili. Babu wanda zai iya faɗa maka inda za su kai da yamma. Wannan na iya yin gabas waccan ta yi yamma na ɗan lokaci. Amma akwai iyakar tazarar da za ta shiga tsakaninsu, da zarar igiya ta miƙe dole ɗaya ta dawo, ko su dawo duka. Tambayar masu bincike ita ce: akwai igiyar ko babu? In akwai, wace ce ke ja, kuma cikin wata nawa tazarar ke rufewa?

Robert Engle da Clive Granger ne suka shimfiɗa hanyar gwada wannan a 1987, kuma a 2003 suka karɓi kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki. Søren Johansen ya faɗaɗa ta a 1988 da 1991 yadda za a iya gwada abubuwa da yawa lokaci ɗaya. A 2001 Pesaran da Shin da Smith suka fito da wani gwajin da masu nazarin ƙasashe masu tasowa suka rungume shi hannu bibbiyu, saboda ana ganin yana jure ƙarancin alƙaluma.

Dalilin duk wannan wahala shi ne tarkon da Granger da Paul Newbold suka nuna tun 1974: jerin alƙaluma biyu da ke hawa da tafiyar lokaci za su yi kama da masu alaƙa ko da babu abin da ya haɗa su. A ƙasar da farashin komai ke ninkawa duk 'yan shekaru, tarkon ya fi zurfi, don kusan duk abin da aka auna da kuɗin gida hawa yake yi.

Me ya sa binciken wannan ya ce akwai alaƙa, na wancan ya ce babu, a kan ƙasa ɗaya?

Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa riƙe alƙaluman da hannunsa. Na farko, tarihin gajere ne. Ma'aunin kamfanin MSCI na hannun jarin kasuwanni masu tasowa a 1988 ya fara, ma'aunin bankin JPMorgan na takardun gwamnatoci da ke cikin kuɗin gida kuwa sai 2005. Ƙasashe da dama ba su fara fitar da takarda mai wa'adin shekara 10 a kai a kai ba sai bayan shekarar 2000. Yin magana kan dogon zango da alƙaluman shekara 15 yana buƙatar taka tsantsan, kuma ɗauko alƙaluman kullum maimakon na wata-wata ba ya tsawaita shekarun.

Na biyu, a cikin 'yan shekarun ma ƙasar kan sauya kama. Barazil ta kafin tsarin kuɗin real na 1994, mai hauhawar farashi ta dubban kashi a shekara, ba ita ce Barazil ta bayansa ba. Ƙasar da ta ɗaure darajar kuɗinta ga dala sannan ta sake shi, ko ta buɗe ƙofa ga masu jarin waje sannan ta rufe, ta yanke tsohuwar igiya ta ɗaura wata. Wanda ya haɗa zamanin biyu a gwaji ɗaya zai iya cewa babu alaƙa, alhali alaƙa biyu ce mabambanta. Akwai gwaje-gwajen da ke la'akari da irin wannan karyewa, kamar na Gregory da Hansen na 1996, amma ba kowa ke amfani da su ba.

Sai kuma abin da aka auna. Wani ya ɗauki ribar takarda, wani farashinta, wani jimlar abin da mai riƙe da ita ya samu. Wani ya auna da dala, wani da kuɗin gida. Ga matsalar takardun da sai su yi mako ba a yi cinikinsu ba, farashin da ke rubuce tsoho ne, sai ya nuna kamar kasuwar a kwance take lafiya alhali ba a buɗe baki a cikinta ba ne kawai. A ganina duk rahoton da ya ce an gano alaƙar dogon zango bai faɗi shekarun da ya duba da irin tsarin kuɗin da ake bi a lokacin ba, rabin magana ya yi.

Wace kasuwa ce ke jan 'yar'uwarta?

A mafi yawan lokuta kasuwar bashi ce ke fara jin ƙanshin abin da ke tafe. Masu ciniki a cikinta bankuna ne da manyan asusai da idonsu ke kan kasafin kuɗi da babban banki dare da rana, kuma kuɗin da ke juyawa a cikinta ya kan fi na hannun jari a ƙasashe da yawa. Amma a kiyaye: gwajin nan da ake jingina wa Granger, wanda ya fito da shi a 1969, abin da yake nunawa kawai shi ne wace ce ta riga motsawa. Riga motsi ba ya nufin ita ce sanadi. Sau da yawa wani na uku ne ke motsa su duka, babban banki, ko darajar kuɗi, ko kuɗin ruwan Amurka.

Akwai lokacin da hannun jari ke bunƙasa alhali masu takardu na asara?

Akwai, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Turkiyya ce misali mafi fitowa fili. Daga Satumba 2021 zuwa Fabrairu 2023 babban bankinta ya sauke kuɗin ruwa daga kashi 19 zuwa 8.5, bisa matsayin Shugaba Erdogan na cewa kuɗin ruwa mai yawa shi ke haddasa tsada. Hauhawar farashi ta kai kashi 85.5 a Oktoba 2022. An kuma kafa ƙa'idojin da suka tilasta wa bankuna riƙe takardun gwamnati, abin da ya danne ribarsu ƙasa da hauhawar farashi nesa ba kusa ba. Mai ajiya ya duba ya ga kuɗinsa na narkewa a banki, yana narkewa a takarda, sai ya nufi kasuwar hannun jari. Ma'aunin BIST 100 na Istanbul ya kusa ninkawa uku a 2022 idan da lira aka auna.

An ga mai kama da haka a Najeriya. Bayan babban banki ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin cikin gida da ba bankuna ba sayen takardunsa na musamman a Oktoba 2019, kuɗi ya yi ambaliya zuwa takardun baitulmali, ribarsu ta sauka ƙasa da kashi 1 a ƙarshen 2020, kasuwar hannun jari kuma ta rufe shekarar da ƙarin kashi 50, a shekarar korona da tattalin arzikin ƙasar ya ja baya. A Barazil ma, da kuɗin ruwan babban banki ya sauka zuwa kashi 2 a Agusta 2020, yawan ɗaiɗaikun masu asusu a kasuwar hannun jarin ƙasar, B3, ya haura miliyan 3. Da ya koma kashi 13.75 a Agusta 2022, kuɗi mai yawa ya juya ya koma takardu.

Irin wannan tashi ba shaidar lafiyar kamfanoni ba ce, kuɗi ne ya rasa wurin kwana. Kuma kafin a yi murna da alƙaluman, a cire hauhawar farashi, a cire faɗuwar darajar kuɗi, a ga abin da ya rage.

Ina matsayin masu zuba jari na ƙasashen waje?

Su ne suka fi ɗaure kasuwannin biyu wuri ɗaya, domin su ba hannun jari ko takarda suke saya ba, ƙasar suke saya. Idan suka yanke shawarar fita, komai suke sayarwa, su canza kuɗin zuwa dala, darajar kuɗin gida ta faɗi, faɗuwar ta tsorata waɗanda suka rage.

Ranar 22 ga Mayu 2013 shugaban babban bankin Amurka, Ben Bernanke, ya shaida wa majalisa cewa bankin na iya fara rage sayen takardun da yake yi don tallafa wa tattalin arziki. Bai ƙara kuɗin ruwa ba, bai rage komai ba tukuna, magana ce kawai. Ribar takardar Amurka mai shekara 10 ta tashi daga wajen kashi 1.6 a farkon Mayu zuwa kusan 3 a Satumba. Barazil, Indiya, Indonesiya, Afirka ta Kudu da Turkiyya, ƙasashe biyar da suka dogara da kuɗin waje wajen cike giɓin cinikinsu, suka fi kowa jin jiki. Rupi na Indiya ya faɗi zuwa kusan 69 kan dala ɗaya a ƙarshen Agusta. A Maris 2020 aka sake ganin haka da ƙarfi fiye da da, har manyan bankunan Afirka ta Kudu da Indonesiya da wasu ƙasashe suka shiga kasuwa da kansu suna sayen takardun gwamnatocinsu don kada ciniki ya tsaya cak.

Shiga manyan ma'aunai na duniya ma takobi ne mai kaifi biyu. Da aka fara saka takardun Indiya a ma'aunin JPMorgan a Yuni 2024, asusai masu bin ma'aunin ido rufe sun zama dole su saya. Wannan yana sauƙaƙa wa gwamnati bashi. Amma irin waɗannan asusai idan masu kuɗinsu suka janye, sayarwa suke yi a ko'ina ba tare da duba wace ƙasa ce ta yi laifi ba.

Idan gwamnati ta kasa biyan bashinta, me ke faruwa da hannun jari?

Ranar 17 ga Agusta 1998 Rasha ta dakatar da biyan takardunta na gajeren wa'adi da ke cikin rubul, ta kuma saki darajar kuɗin. Ma'aunin hannun jari na RTS ya rufe shekarar da asarar kusan kashi 85. Wannan ya karya tunanin da ake yi cewa gwamnati ba ta gazawa kan bashin da ke cikin kuɗin da ita ke bugawa.

Hanyar da wutar ke bi ta tsallaka ita ce bankuna. A ƙasashe masu tasowa bankuna ne manyan masu riƙe da bashin gwamnati, kuma su ne manyan kamfanoni a kasuwar hannun jari. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya yi gargaɗi kan wannan a rahotonsa na Afrilu 2022, ganin yadda bankuna suka ƙara cika cikinsu da takardun gwamnati a lokacin korona. Ba a rufe shekarar ba sai ga Ghana: a Disamba 2022 ta nemi masu riƙe da takardunta na cikin gida su musanya su da sababbi masu ƙaramin kuɗin ruwa da wa'adi mai nisa, bankuna da dama suka bayyana asara a lissafin shekarar. Wanda ya raba kuɗinsa tsakanin takardar gwamnati da hannun jarin banki yana ganin ya kama igiya biyu, ashe bashi ɗaya ya bayar ta ƙofa biyu.

Takardar da ke cikin dala da wadda ke cikin kuɗin gida, duk ɗaya ne?

A'a. Ta dala tana kare ka daga faɗuwar kuɗin gida, amma haɗarin rashin biya ya fi yawa a kanta, tunda gwamnati ba ta buga dala. Farashinta yana bin kuɗin ruwan Amurka da yadda duniya ke kallon ƙasar, shi ya sa ta fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da hannun jari. Ta kuɗin gida an fi biyan ta a kan lokaci, sai dai hauhawar farashi na iya cinye ta a tsaye. Bayan rikicin Asiya na 1997, wanda bashin dala na gajeren wa'adi ya rura wutarsa, ƙasashe da yawa sun dage wajen gina kasuwar bashi a kuɗinsu. Hakan ya rage haɗarin ga gwamnati, amma ya mayar da shi kan baƙon mai jari, wanda yanzu shi ke ɗauke da asarar canji, kuma shi ya sa yake saurin tserewa.

Shin duk ƙasashe masu tasowa haka suke?

Ba haka suke ba, kuma wannan ne ke nuna cewa ba tsarin Allah ba ne. A Sin, Koriya ta Kudu da Tailan, inda hauhawar farashi ba ta da yawa kuma ajiyar 'yan ƙasa ce ke ɗauke da mafi yawan bashin gwamnati, takardun gwamnati kan yi aikin mafaka. A Sin, yayin da kasuwar gidaje ta durƙushe kuma hannayen jari suka yi shekaru suna jan ƙafa daga 2021, kuɗi ya kwarara zuwa takardun gwamnati har ribar mai shekara 10 ta sauka ƙasa da kashi 2 a Disamba 2024. Chile ma, wadda ta kafa asusan fansho masu zaman kansu tun 1981, ta daɗe tana da masu saye na cikin gida da ba sa gudu da an ji ƙarar farko.

Ƙasa tana iya tashi daga wancan rukuni zuwa wannan idan babban bankinta ya yi shekaru yana cika alkawari kan farashi. Tana kuma iya komawa baya, kuma komawar ta fi sauri.

Wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, sukuk, wato takardar jari irin ta tsarin Musulunci, ya fitar da shi daga wannan lissafi?

Ta fuskar tsarin yarjejeniya sukuk daban yake, tunda an gina shi kan kadara ko haya ko haɗin gwiwa, kuma Malesiya ce ta fi kowace ƙasa girman kasuwarsa. Amma ta fuskar farashi a kasuwa, masu saye suna gwada abin da yake bayarwa da abin da takardar gwamnati mai irin wa'adinsa ke bayarwa. Idan wancan ya tashi, farashin sukuk ɗin da ke hannu sauka yake yi. Haɗarin gwamnati da na darajar kuɗi ma suna nan daram. Abin da ya ɗan bambanta shi ne masu riƙe da shi ba su cika sayarwa ba, sukan jira wa'adi, don haka farashinsa a rubuce ba ya yawan tsalle.

To raba jari tsakanin kasuwannin biyu yana da amfani ke nan ko babu?

Yana da amfani, amma bai kai yadda littattafan da aka rubuta da alƙaluman Amurka ke nunawa ba. Ko da suna tafiya tare, takarda ba ta faɗuwa da zurfin hannun jari a yawancin shekaru, kuma mai gajeren wa'adi ta fi jure tashin kuɗin ruwa, kamar yadda lissafin 917 da 581 ya nuna. A rikicin da ya tsaya kan kamfanoni ko wani sashe na kasuwanci, tana yin aikinta. Inda take ba da kunya shi ne rikicin kuɗi da na bashin gwamnati, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Wanda ke son kariya daga wannan sai ya nemi abin da ba ya rataye a wuyan gwamnati ɗaya da kuɗi ɗaya: kamfanonin da ke samun kuɗin waje, takardun da aka ɗaura ribarsu da hauhawar farashi irin waɗanda Barazil da Chile da Afirka ta Kudu ke fitarwa, ko jari a wata ƙasar idan doka ta ba da dama.

Waɗanne alamu ne za su nuna wa mutum halin da alaƙar ke ciki yanzu?

A fara da ribar takardar gwamnati bayan an cire hauhawar farashi. Idan ta faɗi ƙasa da sifili, a sa ran kuɗi zai gudu zuwa hannun jari da dala da kadara. Idan ta yi sama sosai, hannun jari zai sha wahalar samun masu saye komai kyawun ribar kamfanoni. Sai a duba kason kuɗin shigar gwamnati da ke tafiya wajen biyan ruwan bashi, da kason takardunta da ke hannun baƙi, da nauyin bankuna a ma'aunin hannun jari.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar kwamfuta. A nemo ranaku 10 da kasuwar hannun jarin ƙasar ta fi faɗuwa a 'yan shekarun baya, a duba me ribar takardar shekara 10 ta yi a kowace rana. Idan sauka ta yi a mafi yawansu, masu kuɗi sun yarda da gwamnatin har suna fakewa a bayanta. Idan tashi ta yi, kuma darajar kuɗin ta faɗi a ranakun, to ficewa suke yi daga ƙasar gaba ɗaya.